Gulbi da Damana: Daga Agiye zuwa Tabkin Madarumfa

Wanda ya bi babbar hanya da rani daga Maraɗi zuwa Tasawa, ya wuce Cadawa, ya wuce Agiye, zai iske wani kwari mai faɗi wajen Gazawa. Babu ruwa cikinsa, sai rairayi da goriba da awaki. Baƙo ba zai ce gulbi ne ba. Amma gulbi ne, sunansa Gulbin Kaba. In damana ta yi kyau, cikin watan Agusta, wannan rairayi yakan koma jan ruwa mai gudu. Mai amalanke ya tsaya bakin gaɓa, ya kwance sa, ya zauna jiran ruwa ya janye.

Gulabe biyu manya ne suke ratsa jahar Maraɗi. Duka biyu daga Najeriya suke shigowa, kuma can suke komawa.

Gulbin Kaba yana shigowa ta kudu da Gazawa. Ya yi arewa, ya bi ta Mayahi, sa'an nan ya juya yamma, ya gangaro ƙasar Gidan Rumji. Sunansa daga kaba ya samo shi, wato ganyen ƙaramar goriba da mata suke saƙa tabarma da faifai da shi, maza kuma su tufka igiya. Wannan gulbi ya tsufa. Yanzu ruwansa ba ya nisa. Wajen Gazawa yakan yi gudu in an sami ruwan sama da yawa, amma can gaba sai tabkuna nan da can, kowane yana shan ruwan da ya faɗo kusa da shi.

Na biyu shi ne Gulbin Maraɗi. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya shigo ta Nyelwa. Ya wuce Madarumfa da Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya fita ta wajen Sululu. Daga nan ruwansa ya faɗa gulbin Rima, ya wuce Sakkwato da Argungu, ya je ya haɗu da babban kogin Kwara. Ashe ruwan da yaro ya yi wanka cikinsa a Tsibiri, shi ne masuntan Kabi suke jefa koma cikinsa.

Masu biyan kuɗi ruwa ya ɗauke su

Ga wani labari da zai ba manomi dariya. A ƙasashen Turawa akwai masu biyan kuɗi don gulbi ya tafi da su. Lokacin zafinsu yana zuwa daidai da damanar nan, daga Yuni zuwa Agusta, kuma a lokacin ne ma'aikata da ƴan lakwal suke hutu. A Amurka, cikin jahar Misuri, akwai wani kogi da ake kira Karent. A 1964 gwamnatinsu ta sa shi cikin wuraren da doka ta kare. Mutanen ƙauyukan bakin kogin suna ba da hayar ƙananan jirage da robar cikin tayar mota wadda aka hura. Su ɗauki baƙi cikin mota su kai su can sama. Baƙi su shiga ruwa, ruwa ya yi ta gangarowa da su sannu-sannu har yamma. Mota ta tarbe su a ƙasa. Da dare su kwana cikin ƴan ɗakunan katako da aka gina masu tsakanin itatuwa. Jirgi da kuɗinsa, ɗaki da kuɗinsa, har itacen da za su gasa nama sai sun saya. Akwai gidajen da cikin wata uku ɗin nan suke samun yawancin abin da za su ci a shekara.

To, ko ana iya yin haka a nan? Sai an duba bambanci. Kogin nasu daga idon ruwa yake fitowa. Ruwansa garau ne, ana ganin duwatsun ƙasa, rani da damana yana gudu. Gulbi kuwa ruwan sama yake jira. Yau ya kawo iya wuya, jibi iya gwiwa, bayan mako guda sai laka. Ruwansa ja ne, ba a ganin rami, ba a ganin kututture. Kuma lokacin da yake kawowa shi ne lokacin noma da maimai, babu mai hannu banza a ƙauye. Saboda haka abin da ya yi daidai da Misuri bai yi daidai da Gazawa ba tsaf. Amma akwai abin dubawa a ciki.

Fito da gora

Tun kafin a san mota, mutanen bakin gulbi sun san yadda ake sa ruwa ya ɗauki mutum. Sana'a ce, sunanta fito. Mai fito yana da babbar gora ko masaki wanda ya fi hannu biyu zagayewa. Matafiyi ya tuɓe rigarsa, a zuba ta ciki tare da kayansa. A tura gora cikin ruwa. Matafiyi ya rungume ta daga wannan gefe, mai fito ya rungume ta daga wancan, su riƙe damtsen juna a bisa. Mai fito shi ke bugun ruwa da ƙafa. Aikin matafiyi ɗaya ne: kada ya saki, kada ya yi kokawa.

Gwanin fito ba ya ja da gulbi. Ba ya nufin gaɓar da ke gabansa kai tsaye. Sai ya hau can sama da wurin da yake son fita, ya shiga, ya bar ruwa ya kwashe su a karkace har su dira daidai mashigi. Wanda ya tsaya yana kallo daga tudu zai ce ruwa ya ci su. Alhali lissafi ne. Da haka ake ƙetarar da buhun hatsi, da amarya, da mara lafiya da za a kai gidan likita. Shanu su kan yi iyo da kansu. Awaki da tumaki sai an ɗauke su.

Yau gadoji sun rage wannan aiki a kan manyan hanyoyi. Amma ƙauyukan da gonakinsu ko kasuwarsu ke wancan ƙetare har yanzu suna bukatar mai fito. Gora ta yi wuya, don masu shuka babban duma sun ragu. Samari sun koma ga robar tayar babbar mota, wasu kuma jarka biyu suke ɗaurewa da igiya. Roba tana da sauƙin ɗauka, amma ƙayar bagaruwa guda ta ishe ta. Jarka kuwa in murfinta ya kwance tsakiyar ruwa, shi ke nan. Tsofaffin da suka ce gora ta fi, suna da hujja.

A Argungu wannan gwaninta ta zama abin kallo. Bikin kamun kifinsu ya fara a 1934. Ban da su, ana tseren kwale-kwale, ana iyo da gora, ana kamun agwagwar ruwa da hannu. Mutane daga nesa suke zuwa, masu masauki da masu abinci su yi ciniki. Amma a lura, da rani suke yinsa, lokacin da ruwa ya kwanta.

Hanyar yamma

Daga Agiye zuwa Maraɗi kimanin kilomita 80 ne bisa kwalta. Cikin Agusta hanyar tana da daɗin kallo. Hatsi ya fi mutum tsawo, ga wake yana yaɗo ƙarƙashinsa, ga gujiya, ga aya wadda aka san ƙasar Cadawa da ita. Gawo ya kaɗe ganyensa ya tsaya fari tsakiyar gona, shi kaɗai ke rani cikin damana. Shamuwa tana bisa itatuwan gari. Gonakin Agiye sun fi na da itatuwa, don manoma, irin na Ɗan Saga, sun koyi barin tohon kututture su yi masa sassabe har ya zama itace. Baƙi daga ƙasashe da dama sun zo ganin wannan aiki.

Maraɗi tana da tsohon labari da gulbinta. Garin farko cikin fadama yake, kusa da ruwa. A 1945 gulbi ya kawo ya rushe gidaje masu yawa, aka tashi aka koma bisa tudu inda garin yake yanzu. Tsibirin Gobir, wanda Sarki Mayaƙi ya kafa a 1836, shi ma bakin wannan gulbi yake, kilomita kaɗan yamma da Maraɗi. Daga nan har Gidan Rumji fadama ce mai ni'ima, da mangwaro da tsamiya da kanya da giyayya. In ruwa ya bazu ya janye yakan bar baƙar laka, wadda ta fi taki.

Wanda ke son ruwa kwantacce sai ya yi kudu.

Tabkin Madarumfa

Kimanin kilomita 25 ne daga Maraɗi. Babu tabkin da ya kai shi girma a duk jahar, kuma ba ya ƙafewa da rani. Gulbin Gabi ne ke zuba masa ruwa, Gulbin Maraɗi kuma ya ƙara masa in ya cika ya tumbatsa. In tabkin ya cika sosai faɗinsa yakan kai hekta 800, da rani ya ja baya ƙwarai.

A nan akwai kwale-kwale, akwai masunta na gado. Wanda ya je da sassafe zai iske su suna dawowa daga duban taru da ƙugiyoyin da suka kafa tun jiya. Ana samun tarwaɗa da karfasa. Mata suna jira a gaɓa da tasoshi, wasu su soya nan take, wasu su yi banda. Baƙo ya yi sallama, ya yi magana da mai jirgi, su shirya kuɗi tun a tudu. Sa'an nan a shiga.

Jirgi yana barin gaɓa, hayaniyar gari sai ta ɗauke. Ba a jin komi sai ƙarar gwangwala da mai jirgi ke tokarawa, da ruwa yana lasar katako. Ganyen bado ya rufe gefe-gefe, ga furensa fari. Zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya. Kirinjijiya su tashi garke guda suna fito. Balbela ta cika itatuwan da ruwa ya ci gindinsu, har ka ce an shanya fararen riguna. Da sanyi kuma wasu tsuntsaye sukan zo tun daga ƙasashen Turai, su yi watanni, su koma. Saboda su da kifin ne a 2019 aka sa tabkin cikin jerin wuraren ruwa na duniya da ake kiyayewa, wanda ake kira Ramsar.

Manomin tudu da bai taɓa shiga jirgi ba yakan riƙe katako da hannu biyu, yana salati. Bayan ɗan lokaci sai ka ga ya saki hannu ɗaya yana nuna tsuntsu. Masu jirgi sun saba, ba su yi masa dariya sai ya sauka.

Ba ruwa kaɗai ke kawo mutane Madarumfa ba. Kewaye da tabkin akwai kaburburan waliyyai, waɗanda ake cewa su 99 ne. Jama'a suna zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya, musamman lokacin Mauludi. A 2006 Nijar ta miƙa sunan tabkin da kaburburan da gandun dajin Madarumfa ga hukumar UNESCO, don a duba sa su cikin kayan tarihin duniya.

Ina baƙo zai kwana?

A Maraɗi akwai otel. A manyan garuruwa akan sami kampama ko ɗakin saukar baƙi na hukuma. A ƙauye kuwa masauki zauren maigari ne, ko gidan wani da aka sani. A shimfiɗa tabarma, a kawo fura, da dare a kawo tuwo, kuma abin kunya ne a ce a biya. Wannan hali ne mai kyau. Amma yana da iyaka. Watan Agusta shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Magidancin da ya sauki mutum biyar kwana biyu, abincin ƴaƴansa ya raba. Wanda ya zo yawon buɗe ido da kuɗi cikin aljihu, ba daidai ba ne ya ci na talaka kyauta.

Ɗakin katakon nan na Amurka ba wani abin mamaki ba ne. Bukka ce. Masunta suna kafa irinta a tunga, makiyaya suna kafa ta a ruga, mai gona mai nisa yana da tasa. Abin da take bukata duk yana nan: zana, kara, shuci, igiyar kaba, tabarma. A kafa ta bisa tudu inda ruwa bai taɓa kaiwa ba, a tambayi tsofaffi su nuna iyakar babbar ambaliya. A sa gado ya tashi daga ƙasa saboda kunama da sanyin laka. A rataya sange, don bakin ruwa da damana gidan sauro ne. A ajiye randa mai murfi da ruwan famfo. A gina salga nesa da tabki. Wanda ya rasa salga kada ya fara.

Wane baƙo za a jira? Ba Bature ba. A da Turawa suna shiga kwale-kwale a Yamai su je Bubon, wasu su je Ayoru kallon dorina. Bayan kisan da aka yi a Kure ranar 9 ga Agusta 2020, inda Faransawa shida da ƴan Nijar biyu suka rasu, wannan yawo ya ja baya ƙwarai. Baƙon da ke kusa shi ne na gida: ƴan lakwal masu hutu, malamansu, ƴan kasuwar Maraɗi da iyalinsu ranar da ba aiki, da masu ziyarar waliyyai. Ba za su biya da yawa ba. Amma saurayin da ya sami na jirgi, ƙanwarsa ta sayar da soyayyen kifi, uwarsa ta sayar da tabarma, wataƙila bana ya rage kwanakin cin rani.

Akwai sharaɗi guda mai nauyi. Bakin ruwa ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai burtali, akwai mashaya. Dokar karkara ta 1993 ta ba makiyayi hakkin kai dabbarsa ga ruwa. Wanda ya kafa bukka ko shinge bisa hanyar shanu ya sayi rigima da kuɗinsa. Mutanen ƙasar Gidan Rumji ba su manta da Toda ba, inda a 1991 faɗan manoma da makiyaya ya ci rai fiye da ɗari. Kafin a kafa dirka ko guda, a je ga maigari da ardo da kwamitin filaye da ake kira Kofo, a sami takarda.

Abin da ruwa ke ɓoyewa

Gulbi yakan kawo ranar da ko ɗigo bai faɗi a garin ba, don ruwan Katsina ne ya iso. Alamarsa kumfa da karmami da guntayen itace suna tahowa, ruwa yana ƙara ja. Wanda ya ga haka ya fito, ya fitar da yara da dabbobi. Kada a ƙetara da dare. Kada a cika jirgi, in mai jirgi ya ce ya isa, ya isa. In hadari ya haɗo a koma gaɓa, don iska tana kifar da kwale-kwale ko a tabki. Ramukan da aka haƙi ƙasar tubali da rani su ne suka fi cin yara, don in sun cika ba a bambanta su da wurin da ba zurfi. A 2024 jahar Maraɗi tana cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna a duk ƙasar, gidaje da rumbuna da rayuka suka salwanta.

Ruwa kwantacce shi ma da nasa. Tsargiya daga ƴan ƙananan dodon koɗi take fitowa, ta shiga ta fatar mai wanka. Yaro ya riƙa fitsari da jini. Wasu suna cewa alamar girma ce. Ba haka ba ne, ciwo ne, kuma yana da magani a gidan likita. Ruwan tabki ba na sha ba ne sai an tafasa. Cutar amai da gudawa ta 2018 a ƙasar Madarumfa ta fi tsanani. Kurkunu dai an rabu da shi: a 2013 hukumar lafiya ta duniya ta shaida babu shi a Nijar, kuma tace ruwa da gina rijiyoyi ne suka kore shi.

Sai maganar tsaro. Ƙauyukan bakin iyaka na Madarumfa da Gidan Rumji sun sha wahalar ɓarayin shanu da masu satar mutane. A 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo ƙasar Gidan Rumji. Mai niyyar tafiya ya tambayi labarin hanya a tasha da wurin jandarma, ya tafi da rana, ya dawo da rana.

Ruwan yana raguwa

Tsofaffin Tsibiri da Gidan Rumji suna cewa gulbin da suka sani da ƙuruciya ya fi na yanzu daɗewa. Dalilai sun taru. An yi fari a 1973 da 1984. An sare itatuwan gaɓa, rairayi ya gangaro ya cike kwari da tabki. Sa'an nan wajen 1990 Najeriya ta gina madatsar ruwa a Jibiya, bisa wannan gulbi, kafin ya shigo Nijar. Ranar 18 ga Yuli 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan gulaben da suka haɗa su cikin adalci. Takarda tana nan. Mai gonar fadama kuwa da ido yake auna ta, ranar da ya ga ruwa ya hau gonarsa ko bai hau ba. Gandun noman rani na Jiratawa, wanda ya yi suna da zogale, daga ƙarƙashin ƙasa injuna ke jawo masa ruwa, kuma gulbi ne ke cika wannan ruwa na ƙasa in ya bazu.

Wanda ke son ganin gulbi da ƙarfinsa ya je cikin Agusta, ya tsaya bisa gada ko bisa tudu ya kalla. Wanda ke son shiga jirgi da iyalinsa ya bari sai Oktoba ko Nuwamba. Lokacin an yanke hatsi, tabki yana cike, hadari ya wuce, sauro ya fara raguwa, kuma mai masauki yana da abin da zai dama fura. A lokacin ne kuma ƙananan tabkunan Gulbin Kaba suke fara ƙafewa. Gaiwa ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta kwanta har wata damana. Yaran da suka san wurin sukan zo da fartanya cikin rani su haƙo ta da ranta.